Kwana shida a tsibirin Kirit na ƙasar Girka: ina ya kamata mai iyali ya nufa?

Baban_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina zaune a Jamus tare da iyalina, kuma bana muna da niyyar yin hutun kwana shida a tsibirin Kirit na ƙasar Girka, ko dai a watan Agusta ko a farkon Oktoba, gwargwadon yadda hutun makarantar yara ya ba mu dama. Za mu sauka a garin da ake rubutawa Chania, a yammacin tsibirin. Yarana biyu ne, mai shekara tara da mai shekara biyar, kuma a duk gidan ni kaɗai na ɗan iya iyo. Maiɗakina ta ga hotunan wasu gaɓoɓin teku guda biyu, Elafonisi da Balos, ta ce lallai sai mun taka su, amma wani abokin aikina ya ce mini hotunan duk gyara ne, idan mutum ya je ba abin da zai tarar sai cunkoso da zafin rana. Ina roƙon waɗanda suka je da ƙafarsu su faɗa mini gaskiyar lamari, su kuma nuna mini inda ya cancanci a kashe wa kwana guda.

Hajiyar_Torino:
Wa alaikumus salam Baban Ilham. Na je Elafonisi a watan Agusta, kuma abokin aikinka yana da rabin gaskiya. Yashin da ake cewa ruwan hoda ne ba dukkan gaɓar ya rufe ba. Wani siririn layi ne a daidai inda ruwa ke lasar ƙasa, wata rana ya fito sosai, wata rana sai ka sunkuya kafin ka gan shi. Wanda ya tafi don launi kawai zai dawo yana tsaki. Amma ga mai ƙananan yara ban san wurin da ya kai shi ba, domin tsakanin gaɓar da ɗan tsibirin da ke gabanta ruwa ne marar zurfi, a wurare da yawa bai wuce gwiwa ba, babu igiyar da za ta ja yaro, kuma garau yake har kana ganin yatsun ƙafarka. Jikata mai shekara huɗu ta wuni a ciki, da ƙyar muka fitar da ita. Daga Chania tafiyar kusan kilomita 75 ce, sai dai hanyar tsauni ce mai kwane-kwane, ta ratsa kwazazzabon Topolia inda akwai wani ƙaramin rami da mota ɗaya kawai ke wucewa, don haka ka ƙiyasta awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Ku yi sammako. Da zarar manyan motocin 'yan yawon buɗe ido sun fara sauke mutane da hantsi, wurin ya zama kasuwa.

Injiniyan_Ruwa:
Hajiya ta yi bayani daidai. Abin da zan ƙara shi ne asalin launin. Wasu ƙananan halittun teku ne masu jan ɓawo, idan sun mutu igiyar ruwa ta niƙe ɓawon ta gauraya shi da farin yashi, shi ya sa yawansa yake sauyawa da yanayin iska da motsin ruwa. Wurin yana cikin yankunan da Tarayyar Turai ta keɓe don kare muhalli, kuma an haramta ɗibar yashin. Na faɗi haka ne don na san halinmu na son tsaraba, kada yara su cika gora da shi a zo a ji kunya.

Direban_Dare:
Ni kan Balos zan yi magana, kuma da baƙin ciki zan yi ta. Daga ƙauyen Kaliviani zuwa inda ake ajiye mota a saman dutse akwai hanyar da ba kwalta, kimanin kilomita 8, duwatsu ne da ramuka, gefe guda kuma gangare ne har teku. Na shiga da ƙaramar motar haya, ban karanta takardar da na sa wa hannu ba, ashe inshorar ba ta ɗaukar duk abin da ya sami mota a hanyar da ba kwalta. Wani dutse ya fasa mini taya ya kuma kankare ƙasan motar, na biya daga aljihuna, kuma laifina ne ba na kowa ba. Bayan an ajiye mota sai an gangara da ƙafa kamar minti ashirin zuwa talatin. A tsakiyar gangaren ne ake ɗaukar hoton nan da kowa ya sani, farin yashi da ruwa kala uku da wani tsibiri mai kama da faifai a kife, kuma wallahi idona ya ga abin da ya fi hoton. Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Dawowa sama da azahar, ba inuwa ko ta ƙaya, da yaro mai shekara biyar a kafaɗa, wannan aiki ne da ya kamata ka yi tunaninsa tun kana gida.

Ummu_Khalil:
Malam Direba, ai kai ka zaɓi hanyar wahala. Akwai jirgin ruwa da ke tashi daga tashar Kissamos da safe, ya tsaya a tsibirin Gramvousa inda mutanen Venis suka gina wata ganuwa a kan dutse a ƙarshen ƙarni na 16, sannan ya kai ku Balos ya jira ku. Mu da shi muka je, ba mu taka dutse ko ɗaya ba sai wanda muka ga dama. Illarsa biyu ce: kuna sauka ne tare da ɗaruruwan mutane a lokaci guda, sannan ba za ku sami wancan hange na sama ba sai kun hau tudun da kanku. Idan akwai mai jiri a cikinku, ku nemi magani kafin ku shiga, domin ranar da iska ta tashi jirgin yana rawa sosai.

Mai_Hawan_Duwatsu:
Ku yi mini haƙuri, amma ina ganin tun daga tambayar aka kauce. Yashi da ruwan shuɗi akwai su a tsibirai da dama na Girka. Abin da Kirit ta fi su da shi tsaunukanta ne da kwazazzabanta. Tsibiri ne mai tsawon kusan kilomita 260, kuma a cikinsa akwai ƙololuwa biyu da suka haura mita 2,400, Psiloritis da Farin Tsaunuka da ke bayan Chania, waɗanda ake ganin ƙanƙara a kansu har cikin watan Mayu alhali mutane suna wanka a teku a ƙasa.

Na bi kwazazzabon Samariya sau biyu. Mota takan sauke ka da sassafe a Xyloskalo, a tsayin mita 1,200 da 'yan kai, inda sanyi zai sa ka nemi rigar ɗumi ko a tsakiyar zafi. Daga nan sai gangara mai tsanani a cikin itatuwa masu ƙamshi, gwiwa tana kuka, har ka isa gindin kwarin inda ƙorama ke gudu. Akwai maɓuɓɓugai a kan hanya, gora ɗaya ta ishe ka, kana sha kana cikawa. Wajen tsakiyar tafiya akwai kufan ƙauyen Samariya, wanda aka tayar da mutanensa lokacin da aka mayar da wurin gandun gwamnati a 1962, kuma a nan na ga akuyar dajin da suke kira kiri-kiri, mai dogon ƙaho lanƙwasasshe, ta zo har kusa da jakata tana sunsuna burodi. Can gaba sai bangon dutse ya matso ta hagu da dama har faɗin wurin ya koma kamar taku huɗu, tsayinsa kuwa wajen mita 300, ruwa yana bi ƙarƙashin katakon da kake takawa, sama ta zama wani siririn zare. Na tsaya a wurin na kasa cewa komai sai tasbihi. Idan ka fita kuma sai ga Tekun Libiya a gabanka a ƙauyen Agia Roumeli, wanda babu hanyar mota da ta kai shi, sai jirgin ruwa na yamma ya kwashe ku zuwa Sfakia ko Sougia. Wanda ya je Kirit bai ga wannan ba, a ganina bakin ƙofa ya tsaya.

Hajiyar_Torino:
Ɗana Mai Hawan Duwatsu, ka karanta tambayar kuwa? Mutum ya ce maka yana da yaro ɗan shekara biyar, kai kuma kana tura shi tafiyar kilomita 18 a kan duwatsu.

Mai_Hawan_Duwatsu:
Hajiya, a gafarce ni, kilomita 16 ne, 13 a cikin gandun sannan 3 daga ƙofar fita zuwa bakin teku. Amma na karɓi gyara, awa biyar zuwa bakwai ba tafiyar ƙaramin yaro ba ce, kuma wanda ya shiga ba shi da wata mafita sai gaba ko baya. Ga mai iyali akwai kwazazzabon Imbros a gabas da shi kaɗan, kilomita 8 ne, gangararsa mai sauƙi, ana gama shi cikin awa biyu zuwa uku, kuma shi ma yana da matsatsin da za ka miƙa hannu biyu ka kusan taɓa bango da bango. Ta nan ne dubban sojojin ƙawance suka bi a 1941 suna ja da baya zuwa Sfakia lokacin da Jamusawa ke kama tsibirin. Na ga iyalai da yara suna binsa. Takalmi mai kauri kawai ake bukata, ba silifa ba.

'Yar_Damagaram:
Ina bin wannan zance da sha'awa domin mu ma muna da niyya. Tambayata ga mata da suka je: yaya lamarin sutura yake? Mace mai hijabi za ta iya shiga ruwa ba tare da an zuba mata ido ba, kuma akwai wuraren da ya kamata mai iyali ya kauce musu?

Ummu_Khalil:
'Yar'uwa, ni da kayan wankan da ke rufe jiki duka na shiga, a Balos da kuma Falasarna, babu wanda ya ce mini uffan, kallon ma bai wuce na sakan ɗaya ba. Abin da za ki shirya wa zuciyarki shi ne shigar sauran mutane, wadda kin riga kin san yadda take a Turai. Sai dai akwai gaɓoɓin da aka san su da masu tuɓewa gaba ɗaya, galibi waɗanda ke lungu, sai an yi tafiyar ƙafa kafin a kai gare su. Biyu da zan ambata su ne wadda ake kira Jar Gaɓa a bayan tudun Matala, da kuma Glyka Nera tsakanin Sfakia da Loutro. Ta biyun abin takaici ce, domin wuri ne na mamaki: sunanta yana nufin ruwan daɗi, kuma idan ka tona tsakuwa da hannu a dab da teku sai ruwan sha mai sanyi ya ɓuɓɓugo. Manyan gaɓoɓi masu laima da masu gadin ruwa su ne suka fi dacewa da iyali, kuma da sassafe kusan ku kaɗai ne.

Ɗalibin_Tarihi:
Tunda an taɓo wannan ɓangare, bari in ƙara wani abu da zai sa ziyarar ta yi wa Baban Ilham armashi. Musulmi sun mulki tsibirin nan har sau biyu. Na farko wasu Larabawa ne da aka koro daga Andalus, suka kama shi wajen shekarun 820, suka kafa gari suka kewaye shi da rami, suka kira shi Handaƙ, kalmar nan da muka sani a Yaƙin Gwalalo, kuma shi ne birnin Irakliyo na yau. Rumawa suka ƙwace shi a 961. Na biyu Turkawan Usmaniyya ne, waɗanda suka ci Chania a 1645. Masallacin da suka gina a bakin tashar jiragen ruwan garin yana nan da ƙubbarsa, amma ba a salla a cikinsa, an mayar da shi zauren baje kolin zane-zane, domin Musulmin tsibirin sun bar shi bayan yarjejeniyar musayar jama'a tsakanin Girka da Turkiyya ta 1923. Saboda haka ka tafi da dardumarka, alƙibla tana kudu maso gabas. Af, sunan garin ma ba da "c" ake furta shi ba, "Hanya" suke cewa, kamar dai hanyarmu ta Hausa. Har ila yau an ce dajin dabinon da ke gaɓar Vai a ƙarshen gabas ya samo asali ne daga ƙwallayen dabinon da waɗancan Larabawa suka ci suka zubar.

Injiniyan_Ruwa:
Malam Ɗalibi, tarihinka na sarauta daidai ne, amma zancen ƙwallon dabino tatsuniya ce da masu yi wa baƙi jagora suke so. Itacen da ke Vai ba dabinon da muke ci ba ne, wani jinsi ne na daban wanda asalinsa na yankin ne, kuma marubutan Girka na dā sun ambaci dabinon Kirit ɗaruruwan shekaru kafin zuwan Larabawa. 'Ya'yansa ƙanana ne, ɓawo da ƙwallo sun fi tsoka yawa, ya fi kusa da kajinjirin da muka sani a fadamu. Abin da ba a musu a kai shi ne Vai ce dajin dabino na halitta mafi girma a Turai, itatuwa dubbai har bakin ruwa.

Ɗalibin_Tarihi:
Na gode da gyara, Injiniya. Dama "an ce" na ce.

Direban_Dare:
Tunda ana zancen sunaye, akwai wata 'yar gaɓa kusa da filin jirgin saman Chania da ake kira Seitan Limania, kuma kalmar farko ita ce dai shaiɗan ɗin da kuka sani, daga bakin Turkawa. Wata tsaga ce a cikin dutse mai lanƙwasa kamar maciji, ruwanta kamar an zuba shuni a madara. Na leƙa daga sama, na ga yadda mutane ke rarrafawa a kan duwatsu kafin su sauka, na tuna tayata, na koma mota. Baban Ilham, kada ka kai yara can.

Baban_Ilham:
Allah ya saka wa kowa da alheri, na ƙaru ƙwarai. Abin da na fahimta zuwa yanzu shi ne Elafonisi ta cancanci kwana guda saboda yara, Balos kuma ta jirgin ruwa. Maganar dajin dabino ta ja hankalin maiɗakina, ta ce tana son ganin dabino a bakin teku. Shin za a iya zuwa Vai a dawo Chania a rana ɗaya? Sannan har yanzu ba wanda ya ce mini komai kan Agusta ko Oktoba.

Hajiyar_Torino:
Kada ka soma. Vai tana can ƙarshen gabas, kai kana ƙarshen yamma, tafiyar ta kusan awa biyar ce zuwa kawai, yara za su tsane ka. Idan dabino take so, ku je gaɓar Preveli a kudu da garin Retimno. Kogi ne ya fito daga kwazazzabon Kourtaliotiko ya zube a teku, gefensa biyu dabino ne irin na Vai, sai ka ga mutum ya fito daga ruwan gishiri ya taka 'yan taku ya faɗa ruwan kogi mai sanyi kamar na randa. Gobara ta cinye dajin a watan Agusta na 2010, mutane suka ɗauka ya tafi ke nan, amma itatuwan suka sake tohowa, har yanzu za ka ga baƙin ƙuna a jikin wasu kututture. Daga wurin ajiye mota na sama matakala ce mai yawa, ni da gwiwata ban gwada ba, ƙaramin jirgi na shiga daga Plakias. Tekun wurin yana saurin zurfi, don haka yara su tsaya a bakin kogin.

Malamar_Jinya:
Kan batun lokaci, ni Oktoba zan zaɓa ba tare da dogon tunani ba. A Yuli da Agusta akwai wata iskar arewa da suke kira meltemi, tana iya kwana uku tana busawa, kamar iskar hunturu amma ba ƙura. Idan ta tashi, gaɓoɓin arewa da na yamma sukan yi manyan igiyoyi, a kafa jar tuta mai hana shiga ruwa, a Elafonisi kuma yashi ya riƙa dukan ƙafa kamar allura. Ga zafin rana, ga tsadar masauki. A farkon Oktoba teku yana riƙe da ɗumin da ya tara tun watannin zafi, ya fi na Mayu ɗumi nesa ba kusa ba, mutane kuma sun ragu. Ina kuma roƙonka, tunda iyalinka ba su iya iyo ba, kada ka yarda da balan-balan ɗin da ake sa wa yara a hannu ka juya baya, kuma jar tuta ba ado ba ce. Ku sayi takalman roba na shiga ruwa, domin a wuraren duwatsu akwai wata halitta baƙa mai ƙayoyi kamar bushiya, idan aka taka ta ƙayar takan karye a cikin fata.

Mai_Hawan_Duwatsu:
Malama, ban ƙi taki ba, amma a faɗa masa ɗaya gefen. A Oktoba ruwan sama yakan fara, rana takan gajarta, jiragen ruwa na kudu sukan rage zirga-zirga, kuma da an ga alamar hadari hukuma takan rufe Samariya saboda ambaliya da faɗowar duwatsu. Wanda ya zo da kwana shida kacal, idan biyu suka tafi a ruwan sama, ya yi asara. Ni da zan zaɓa wa kaina, tsakiyar Mayu ko Satumba zan ce, sai dai na san hutun makaranta ba ya tambayar ra'ayin uba.

Injiniyan_Ruwa:
Ummu Khalil ta ambaci Falasarna a wuce, alhali ina ganin ta fi dacewa da wannan iyali fiye da Balos. Kwalta ce har bakin yashi, tafiyar kamar awa ɗaya daga Chania, gaɓar tana da faɗin da ko an cika ba a takura, kuma tana fuskantar yamma sosai, rana tana faɗawa cikin ruwa a gaban idonka. A ƙarshenta na arewa akwai kufan tsohuwar tashar jiragen ruwa wadda yanzu take kan tudu, nesa da ruwa. Dalili shi ne girgizar ƙasar shekara ta 365, wadda ta ɗaga yammacin tsibirin da mitoci da dama a lokaci guda, har ana ganin tsohon layin ruwa a jikin duwatsun gaɓar. Ɗanka mai shekara tara zai ji daɗin ganin wurin da jirage ke ɗaure igiya ya koma fili. Ranar da iska ta hana teku kuma, akwai tafkin Kournas kusa da Georgioupoli, wanda shi kaɗai ne tafkin ruwan daɗi na halitta a tsibirin, ana hayar ƙananan kwalekwale masu feda, yara suna leƙen kififiya.

Direban_Dare:
Injiniya, Falasarna ɗin nan da kake yabo, ranar da na je igiyar ruwa ta kai ƙirjina, jar tuta ce tun daga farko har ƙarshe. Wuri ne da ya buɗe wa iska baki.

Injiniyan_Ruwa:
Haka ne, shi ya sa ake duba hasashen iska da daddare kafin a yanke inda za a nufa da safe. Idan ta arewa ce mai ƙarfi a nemi lungun da tudu ya kare, idan ta kwanta a tafi yamma.

Baban_Ilham:
Mun zauna da maiɗakina mun karanta duka. Mun karkata ga Oktoba, da Elafonisi da Preveli da Falasarna, sai Imbros idan ƙaramin ya nuna alamar zai iya. Kan Balos ba mu daidaita ba, ita tana son hoton nan na sama, ni kuma labarin Malam Direba ya tsaya mini a rai.

Ummu_Khalil:
Ku shiga jirgin, idan kun sauka kai ka zauna da yara a bakin ruwa, ita ta hau tudun ta ɗauko hotonta. Minti goma sha biyar na hawa ya isa a ga Balos gaba ɗaya. Ta riƙe ruwan sha, ta kuma rufe jakarta da kyau saboda awakin da ke kan hanyar, ni biskit ɗina suka tafi da shi har da ledar.